Farin abu kamar auduga a jikin tarwaɗa: in zuba koren magani?

Mai tambaya, Katsina: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tarwaɗa 800 'yan wata uku a tankin siminti mai cin lita 4,000. Tun da hunturu ya kama, wasu suka fara fitar da farin abu kamar auduga a gindin wutsiya, cin abincinsu ma ya ragu. An ba ni wani koren gari, malachite green, wai in zuba kaɗan. Wani kuma ya ce GV, shuɗin maganin nan da ake shafa wa ciwo, ma yana yi. Kifin na ci ne, nan da wata biyu zan fitar. In zuba ko in bari?

Wani likitan dabbobi: Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah ajiye garin nan. Asalinsa rini ne, kuma gaskiya yana kashe fumfunar da ke fitowa kamar audugar nan, shi ya sa aka saba da shi. Matsalar tana bayan nan. In ya shiga jikin kifi sai ya rikiɗe ya zama leucomalachite green, wanda ba shi da launi, ya kwanta cikin kitse da tsoka har tsawon watanni. Za ka ga ruwa ya washe, kifi ya yi fes, alhali yana nan ciki. Wanki ba ya fitar da shi, dahuwa ma ba ta gamawa da shi.

A 2021 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa leucomalachite green da GV cikin abubuwan da ka iya jawo wa mutum ciwon daji. A gwajin da aka yi a Amurka an ga ƙari a hantar ɓeraye. Tarayyar Turai da Amurka ba su yarda a sa shi ga kifin ci ba, Sin ma ta hana tun 2002. Wata biyu ba za su isa ka ce kifin ya tsarkaka ba, kuma masu cin sa iyalanka ne da maƙwabta.

Wani mai ƙyanƙyasar kifi, Daura: Likita ya gama magana kan rini. Ni abin da ya kawo cutar zan taɓa. Wannan fumfuna, Saprolegnia, ba ta cika kama lafiyayyen kifi ba, rauni take bi. Tarwaɗa tana son ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. Da asubar hunturu sa hannu a tankinka ka ji yadda ya yi ƙanƙara. Sanyin nan ke karya musu garkuwar jiki. Ga kuma cunkoso, kifi 200 a kowace lita 1,000, dole su riƙa cizon juna.

Fara da gishiri, na buhu wanda ba a sa wa aidin ba. Giram 3 a kowace lita, wato kilo 12 ke nan a tankinka. Narka shi a bokiti, ka zuba kashi uku cikin yini guda, kada ka juye lokaci ɗaya. Ya kwana uku zuwa biyar. In ka sauya ruwa, mayar da gishirin gwargwadon abin da ka zubar kawai. Waɗanda abin ya ci sosai ka ware su, ka tsoma su a lita 20 mai giram 200 na minti 10, kana tsaye a kansu. Wanda ya fara kifewa, cire shi nan take.

Da magariba rufe tankin da tamfol, ka bar kafar iska. Ruwan da ya fito daga bohol kai tsaye ya fi wanda ya kwana a tankin sama ɗumi. Rage abinci, don abin da suka bari shi ke ruɓa ruwan.

Wata mai kiwo, Katsina: Ƙari ga masu ƙyanƙyasa, domin a kan ƙwai aka fi zuba rinin nan. Ƙwan da ya mutu fari yake komawa, daga kansa fumfuna ke yaɗuwa zuwa masu rai, don haka a zuƙe shi da siririn tiyo da wuri. In ana son magani, haidirojin na kemis (hydrogen peroxide) yana yi, kuma ruwa da iska yake komawa, ba ya barin komai. Mai ƙarfin kashi 6 cikin 100, mililita 8 a lita guda, minti 15, sai a sako sabon ruwa. A duba kwalbar, akwai mai kashi 3. A fara gwadawa a kan ƙwai kaɗan. Wannan awon na ƙwai ne, Malam, kada ka kai shi tankin manyan kifinka, zai ƙona musu sassan da suke numfashi da su.