Gonar da mahaifinmu ya ambata wa jikokinsa marayu: kyauta ce ko wasiyya?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum, malamai da masana. Mahaifinmu ya rasu bayan girbin bara a wani ƙauye na ƙasar Ringim, ya bar mata biyu da 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa kuwa sun daɗe da rasuwa. Babban yayanmu ya riga shi cikawa, ya bar yara uku ƙanana a hannun mahaifiyarsu. Tun Baba yana da lafiya ya faɗa a gaban liman da mai unguwa cewa gonar bakin fadama ta marayun nan ce, sai dai shi ya ci gaba da nomanta har ya kwanta ciwon ajali, ba a kuma rubuta komai ba. Yanzu ƙanena ya dage cewa jika ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji, don haka a haɗa ta cikin rabo. Akwai kuma wata gonar da take jingine a hannun maƙwabci. Ina roƙon a haska mini kafin damina ta faɗi, domin ba na son mu yi shuka a cikin haƙƙin maraya.

Almajirin Zaure:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ƙanenka ya yi daidai a kan gado, domin ɗa namiji yana katange jikoki, amma wannan katangewar ita ce ta buɗe musu ƙofar wasiyya, tunda magaji ne ba a yi wa wasiyya, su kuwa ba magada ba ne. Hukuncin ya rataya ne a kan lafazin da mamacin ya furta. Idan cewa ya yi "na ba su", kyauta ce, kuma a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta kafin mai bayarwa ya rasu ko ya shiga ciwon ajali, wanda hakan zai raunana matsayin yaran tunda gonar ba ta taɓa barin hannunsa ba. Idan kuwa cewa ya yi "bayan raina tasu ce", to wasiyya ce, ba ta buƙatar karɓa tun yana raye, kuma wajibi ne a zartar da ita muddin ba ta wuce sulusin dukiya ba, iyakar da ta zo a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Abin da ya haura sulusi sai da amincewar magada.

Tsohon Magatakarda:
Malam ya gama bayanin hukunci, ni tsarin aiki zan ƙara. Ana fara fitar da kuɗin suturar mamaci, sannan bashi, sannan wasiyya, sai a zo kan gado. Kuɗin jinginar nan bashi ne, haka ma ragowar sadakin ɗaya daga cikin matan idan akwai, kuma sai an fitar da su ake auna sulusi, don haka a samo mutanen da suka san darajar gona a yankin su yi wa kowace gona da gida da dabba kuɗi. Abin da ya rage a kasa shi takwas: kashi ɗaya na matan biyu ne su raba daidai, kowane ɗa namiji biyu, kowace 'ya mace ɗaya. Shawarata ita ce ku kai maganar Kotun Shari'a ko da kun daidaita a zaure, a ɗauki shaidar liman da mai unguwa tun suna raye, a ba ku takardar rabo, domin rigimar gona kan farka bayan shekaru, lokacin da shaidu suka ƙare. Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Dutse, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin gado da wasiyya da kyauta da waƙafi.

Gwaggon Marayu:
Ɗana, ko da shaidu sun ce lafazin kyauta ne, kada ku sallami yaran nan hannu wofi. Masar ta kafa dokar wasiyya ta dole tun 1946 saboda irin waɗannan jikoki, mu a nan ba da ita ake aiki ba, amma aya ta 8 a Suratun Nisa'i ta ce a ba dangi da marayu wani abu idan sun halarci rabo, kuma baligi mai hankali yana da ikon bayar da wani yanki na kasonsa. Ina kuma jan hankalinka kan 'yan uwanka mata, kada a ce musu tunda suna gidan aure a bar gonarsu cikin gandu, a auna musu kasonsu a kafa iyaka.

Ɗan Fadama:
Allah ya saka da alheri. Na tambayi liman da mai unguwa kowa daban, dukansu sun ce abin da Baba ya faɗa shi ne idan ta Allah ta kasance gonar ta yaran ce. Na sanar da ƙanena, ya amince mu je kotu tare a yi ƙima, kuma idan gonar ta haura sulusi ni zan cika daga nawa kason.