Ƙunar ganyen tumatir: shawarwarin masu lambu

Kusan bakin masu lambu ya zo ɗaya cewa laima ce ke raya cutar ƙunar ganyen tumatir. Daga ganyen ƙasa take farawa, tabo ruwan ƙasa mai zobe-zobe, sai ganyen ya koma rawaya ya bushe. Da ka gani, tsinke shi ka ƙone, kar ya shiga taki. Ban ruwa kuwa a gindi, da safe, sannan a shimfiɗa busasshiyar ciyawa don kar laka ta fantsamu ga ganye.

An ɗan yi musu kan feshin maganin jan ƙarfe. Ni dai ina tare da masu cewa kariya yake, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu. Wurin da cutar ta ci, a hutar da shi shekara 3, ba tumatir ba dankalin turawa.