Ɗaki ɗaya a unguwar Aboabo da ke Kumasi, Gana, da rigimar da ta biyo baya

Direban Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, sai na faɗa ko da za a ce na cika surutu. Akwai wani iyali daga arewacin Burkina Faso, Kiristoci ne, 'yan bindiga suka koro su daga ƙauyensu. Mijin yana dako a kasuwar Kejetia, matar tana taya wata mai waakye (shinkafa da wake) wanke-wanke, dukkansu a barandar wani shago suke kwana. Na kai su wajen wani dattijo a unguwarmu mai ɗaki a rufe, an gama ciniki, saura a ƙirga kuɗi, sai ya hango gicciye a wuyan ƙaramar yarinyar. Nan take ya ce ai ɗakin an riga an ba wani. Yanzu na wuce ta ƙofar gidan, kwaɗo na nan a maƙale. Turawa suna ɗebo Kiristocin Iraki da Siriya a jirgin sama su ba su gida, mu 'yan zango da kakanninmu suka zo da ƙunshin kaya a ka, ɗaki ɗaya ya gagare mu? Ni dai ra'ayina, mu Musulmi ya kamata mu riga kowa tsugunar da waɗannan muhajirai, domin da sunan addininmu aka kore su.

Ustaz na Asawase: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gyara harshenka. Muhajirai su ne waɗanda suka bar Makka saboda Allah da Manzonsa, Alƙur'ani da kansa ya yabe su. Ka tausaya wa Kirista, ba mai hana ka, amma kada ka ɗora masa sunan Sahabbai.

Hajiya mai atamfa: To Malam, 'yan gudun hijira fa da rediyo ke faɗa safe da yamma? Mutanen Laberiya da aka sauke a sansanin Buduburam a 1990 da wane suna muka kira su? Ai galibinsu Kiristoci ne, ban ji wani malami ya ɗaga murya ba.

Ustaz na Asawase: Hajiya, bakin kasuwa daban, bakin ilimi daban. Wanda ya gudu don tsira da rai ɗan gudu ne. Hijira ibada ce, tana da niyya.

Hajiya mai atamfa: Bakin kasuwar ne yake ciyar da makarantarku, Malam.

Ɗan Tek: Yaya Direba, bari in gyara maka abu ɗaya, Turawan nan ba su yi yadda kake zato ba. Da Da'esh ta kama Mosul a Yunin 2014, ta ba Kiristoci zaɓi: su musulunta, su biya jiziya, ko su fita, ta kuma bi gidajensu tana rubuta harafin nun, wato Nasara, a bango. A Agusta ta shiga Karakosh, garin Kiristoci, mutane suka kwarara Erbil cikin dare. Waɗanda aka kwasa zuwa Turai ba su taka kara sun karya ba. Slobakiya ta karɓi mutum 149 a Disambar 2015, wasunsu ma daga baya suka koma Iraki, tsofaffin ba su iya zaman can ba. Hungari kuwa ta buɗe ofishin taimakon Kiristocin da ake zalunta a 2016, amma tsarinta shi ne a gina musu gidaje da coci-coci a ƙasarsu, kada su taso. Shugabannin cocin Iraki da yawa su ma abin da suke so ke nan, don suna tsoron garuruwansu su zama kango.

Ustaz na Asawase: Ka ji ko? Har masu abin ba su kira shi hijira ba.

Ɗan Tek: Ni ban ce haka ba, Ustaz.

Malamin allo, Sabon Zango: Ustaz, ina ka ajiye Habasha? Kafin a je Madina ina Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tura Sahabbai? Wurin Najashi, sarkin Kirista. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam har ya zubar da hawaye, ya ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa duk da kyautar da suka kawo. Bashi ne a kanmu. Idan aka kira waɗannan bayin Allah muhajirai sama ba za ta faɗo ba.

Ustaz na Asawase: Najashi ya musulunta, shi ya sa aka yi masa salatul ga'ib. Ka koma ka duba.

Malamin allo, Sabon Zango: Ranar da ya buɗe musu ƙofa fa, a wane addini yake? Irin wannan tsaurin ne ya sa kuka yi ta ƙorafi lokacin da Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King a Akra a 2019, yana cika shekara 100. Duniya ta yaba, ku kuka ɗaure fuska.

Ustaz na Asawase: Ina girmama Shehu, tsoho ne, uba ne. Amma aikin mutum ba ya zama hujja a shari'a, ko wane ne shi. Ku matsalarku ke nan, shehi ya yi, shi ke nan an rufe littafi.

Malamin allo, Sabon Zango: "Ku" su wa? Faɗi sunan mana.

Direban Aboabo: Jama'a don girman Allah, ku kira su duk sunan da kuka ga dama. Na janye muhajirai. Wa yake da ɗaki, ko ya san mai ɗaki, tsakanin Aboabo da Sawaba? Damina ce.

Ɗan Fulani mai nama: Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Kullum Kiristoci, Kiristoci. Ranar 25 ga Fabrairun 2024 da aka kashe mutum 15 a cocin Essakane a Burkina Faso, a ranar aka buɗe wa masallata wuta a masallacin Natiaboani, shi ma a Burkina, da asuba, gommai suka mutu. Wa ya tara musu kuɗi? A Yulin 2023 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta koka cewa Gana tana mayar da ɗaruruwan mutanen Burkina, yawanci mata da yara. Gwamnati ta musanta, amma mu mun san dangin wa aka loda a mota. A zauren nan ban ga wanda ya ce uffan ba. Kirista ya gudo, abin tausayi ne. Bafulatani ya gudo, ɗan ta'adda ne.

Mai gyaran waya, Alabar: Kawu, kada ka ji haushi, amma su wa ke cikin dajin da bindiga?

Ɗan Fulani mai nama: Ka ga irinta. Yaro, ka taɓa taka Bawku ma kuwa? Je ka sansanin 'yan gudun hijira na Tarikom ka ga matan da ke layin abinci, ka dawo ka faɗa min wace ce ke da bindiga a zane.

Hajiya mai atamfa: Kai mai waya, ka ba Kawunka haƙuri yanzu. Wannan magana ba ta da kyau.

Baba Alhaji, Tsohon Zango: 'Ya'yana, ni da idona na ga 1969. Gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Maƙwabcinmu, a Kumasi aka haife shi, bai san kowa a Najeriya ba, ya sayar da keken ɗinkinsa a kuɗin da bai kai na tabarma ba, ya hau babbar mota yana kuka. Wanda ya ga wannan ba zai rufe wa baƙo ƙofa ba. Iyayenmu cewa suke baƙonka annabinka.

Ustaz na Asawase: Baba, da girmanka, wannan karin maganar ma akwai gyara a cikinta.

Sakataren matasa: Baba, me ya kawo Busia nan? Kullum sai an ɗauko 1969 don a shafa wa jam'iyyar NPP, magajiyar siyasar Busia, baƙin jini. Wa ya kafa Asusun Raya Zango a 2017? Kuma a 1983 da Najeriya ta koro mutanen Gana, Busia ne ya yi?

Mai gyaran waya, Alabar: Asusun da kwatar layinmu har yau ba ta gan shi ba. Dokar 'yan gudun hijira ta 1992 kuma wa ya sa mata hannu? Rawlings, wanda ya kafa jam'iyyar NDC.

Sakataren matasa: Kai dai a Asawase, tungar NDC, ka yi rajista, mun san inda ka dosa.

Shugaban zaure: To, ya isa haka, na rufe wannan magana, ga taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba. Direba ya kawo batun wasu baƙi Kiristoci daga Burkina Faso. An yi bayani mai gamsarwa daga tarihin Habasha, kuma mafi yawan masu hankali a zauren sun gamsu cewa babu laifi a ce musu muhajirai, mutum ɗaya ne kawai ya dage ba tare da ya kawo littafi ko shafi ba. Ɗan Tek ya tabbatar mana Turawa ba abin koyi ba ne a wannan fanni. Baba Alhaji ya tuna mana abin da gwamnatin Busia ta yi wa mutanen zango, wanda ba mai iya gogewa ko da an kafa asusu goma. Maganar Kawu mai nama tana da nauyi, amma ba muhallinta ba ne, ya kawo ta wani lokaci. Ustaz, wannan ne karo na ƙarshe da zan yi maka kashedi a kan Babban Limami. Ka sake ambatonsa da irin wannan lafazi, zan cire ka daga zauren, kuma ba zan saurari roƙon kowa ba.