Sojojina na guduwa a Mount & Blade: Warband, ina neman mafita

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina fama da matsala ɗaya a wasan kwamfuta na Warband, abin ya ishe ni.

Ina yi wa Sarki Graveth na masarautar Rhodok hidima, kuma muna yaƙi da masarautar Swadia. Rundunata mutum 92 ce, kusan rabinsu barade ne 'yan Swadia da na ɗiba a ƙauyukan kusa da garin Dhirim tun kafin yaƙin ya ɓarke. Na sha wahalar horar da su, don haka ba na son rabuwa da su.

Da muka yi wa Uxkhal, wani garin Swadia, ƙawanya, sai karsashin runduna ya dinga sauka kullum. Yanzu kusan duk dare sai an sanar da ni wasu sun tsere, kuma baraden ne ke tafiya.

Na ƙara nau'in abinci: burodi, hatsi, cuku, busasshen nama, kyafaffen kifi, man shanu, har da zuma duk da tsadarta. Albashin mako ban taɓa fashinsa ba. Na ɗaga ƙwarewar shugabanci zuwa 5. Na kuma janye daga ƙawanyar na bi 'yan fashin daji; nasarar ta ɗaga karsashin, amma bayan kwana biyu ya koma gidan jiya.

Shin akwai hanyar riƙe baraden Swadia a runduna alhali ina yaƙar ƙasarsu, ba tare da sun ci gaba da guduwa ba? Na gode.