Abin da na tsinta daga muhawararmu kan bikin Kharchi

'Yan'uwa, zancen ya yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kowa ya yarda ana yin bikin ne kwana 7, galibi a watan Yuli, a Tsohuwar Agartala da ke jihar Tripura, Indiya. Alloli 14 na gidan sarautar Tripura ake bautawa, kuma kawunansu kaɗai ake da su, babu gangar jiki. Babban boka, wanda ake wa laƙabi da Chantai, ke jagorantar kai su kogi a yi musu wanka, sannan a yanka awaki da tantabaru.

2. Sunan ne ya raba kawuna. Wasu sun ce ma'anarsa wanke zunubi, wasu suka dage cewa daga kalmar "ƙasa" ya fito, tunda ana yinsa bayan Ambubachi, lokacin da masu bautar suke ganin ƙasa ta yi jinin al'ada.

3. Nan aka fi zafi: shin allolin nan su ne Shiba, Durga da Bishnu na addinin Hindu, ko kuwa Lampra da Mailuma na harshen Kokborok (harshen 'yan ƙabilar Tripura) aka sauya wa suna? Ni dai na fi karkata ga na biyun.

Shawarar mafi yawa: duk mai rubutu kan bikin ya kawo sunayen duka biyu.