Neman kalma: me za mu kira "reabilitatsiya" da Hausa?

1/ Malamai da 'yan uwa masu fassara, a taimaka. Rashawa suna da kalmar reabilitatsiya: hukuma ta ɓata mutum, bayan shekaru, sau da yawa ma bayan ya kwanta dama, ta fito ta ce ba shi da laifi. Me za mu ce mata?

2/ Misalin da ke gabana shi ne Boris Pasternak, marubucin Rasha na zamanin Tarayyar Sobiyet. A 1956 mujallar Novy Mir ta ƙi buga littafinsa Doctor Zhivago. Aka buga shi a Italiya a 1957, shekara na zagayowa aka ba shi kyautar Nobel. Masu sharhin adabi a Mosko suka yi masa ca, Ƙungiyar Marubutan Tarayyar Sobiyet ta kore shi, aka matsa masa lamba har ya ce ya yafe kyautar. Abin da ya fi ci mini rai, da yawa cikin masu tsine wa littafin ba su taɓa karanta shi ba, tunda an hana buga shi a ƙasar. Ɗaya ɓangaren ma, wato ƙasashen Yamma, ba don Allah ya rungume shi ba: CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ce ta sa aka buga shi da Rashanci, aka rarraba a bikin baje kolin Brussels na 1958.

3/ Ya rasu a 1960. A 1987 ƙungiyar ta mayar da sunansa, a 1988 Novy Mir ɗin nan dai ta buga littafin. Ko wasali bai sauya ba, masu mulki ne suka sauya.

4/ Wani ya kawo "gyaran hali". Sam! Wannan na 'yan ƙwaya ne da fursunoni, kuma yana nuna marubucin ne ya karkace. "Afuwa" ma haka, ai mai laifi ake yi wa. "Dawo da martaba" ta fi daɗin faɗi, sai dai tana ɓoye wanda ya zubar da martabar tun farko, kuma ni wannan ɓoyewar ce ba na so.

5/ Na tsaya a kan "wankewar hukuma". Mun saba cewa kotu ta wanke wane, ke nan ƙazafi aka yi masa. Ƙara "hukuma" kuma na tuna wa mai karatu cewa hukuncin daga ofis ya fito, ba daga nazarin littafin ba. Malam, idan kunnenka ya ji ta da nauyi, kawo wadda ta fi ta, amma ka bar mini hukumar a ciki.