Neman shawara: zuwa kallon duwatsun Jos da ɗan guzuri kaɗan

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Mu uku ne, duk yaran shago a Kantin Kwari, muna son mu leƙa Filato bayan sallah mu ga duwatsun Riyom, waɗanda aka ce sun hau kan juna kamar da hannu aka ɗora su. Adashe muka yi, kuɗin ba yawa, kwana biyu kawai za mu yi. Ta ina za mu bi, ina za mu sauka, me za mu haƙura da shi saboda aljihu? Wanda ya san wajen ya taimaka don Allah.

Baba Direba:
Wa alaikumus salam samari. Ku yi sammako ku kama motar farko a tashar Unguwa Uku. Hanyar ta Kwanar Ɗangora ce, Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka, sai Jos. Ko a tafiya ko a dawowa, kada ku yarda magariba ta same ku a Falgore.

Hajiya 'Yar Jos:
Ƙannena, a can na girma. Ku nemi ƙaramin masauki wajen titin Bauchi, ku kama ɗaki ɗaya ku raba kuɗin. Abinci ba zai cinye ku ba, garin dankalin turawa ne, ga gwate da acca. Amma ku ɗauki rigar sanyi mai kauri, garin yana kan tudu wajen mita 1,200, sanyin darensa ba irin na Kano ba ne.

Malamin Makaranta:
Riyom na kan hanyar Akwanga, wajen kilomita 25 daga Jos. Ba ɗora su aka yi ba, ruwa da rana ne suka yi ta tsattsaga dutsen tsawon zamani, mai laushin ya zaizaye, masu taurin suka rage a kan juna. Ni dai da a ce ni ne, rana ta biyu tsaunukan Shere zan ba wa. Suna gabas da gari, kusa ƙwarai, ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, daga sama kana hango kwaruruka da gonaki har iya ganinka. Ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora.

Na Sabon Titi:
Malam, kuɗin ɗan jagora ai asara ce. Ga Google Maps a waya.

Hajiya 'Yar Jos:
A'a ɗana, ban yarda da wannan ba. Waya ba za ta gaya maka gonar da ba a ratsawa ba, ko dutsen da mutanen ƙauye ke girmamawa. Kuma yankin Riyom ya sha fama da rikici, wani lokaci lafiya lau, wani lokaci ba a shiga. Ku tambayi mai masaukinku da direbobin tasha a safiyar da za ku fita. In suka ce a dakata, ku dakata, Shere ma ta ishe ku kallo. A rage kuɗin nama, a biya ɗan jagora.

Ɗan Kurna:
Allah ya saka da alheri. Mun tsaya a kan ɗaki ɗaya da ɗan jagora, Shere za mu fara. Hajiya, daga cikin gari zuwa gindin tsaunin, a-daidaita-sahu na kaiwa ko sai mun ɗauki shatar mota?